Daren suyar kuih ros a Kuala Lumpur

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da shan ruwa. Yanzu muka dawo daga asham, saura kwana uku Sallah, ga ni a kicin ɗin maƙwabciyata a Gombak, gefen Kuala Lumpur a ƙasar Malesiya. Makcik nake ce mata, wato inna ko goggo da harshen Malay.

Ku matso ku ga abin da ke hannunta. Ƙarfe ne na tagulla mai dogon mariƙi, bakinsa kamar fure. Shi ya sa ake kiran abin maƙulashen da ake soyawa da shi kuih ros, don ros furen wardi ne da Malay, wasu kuma su ce kuih loyang. Wannan ƙarfen na mahaifiyarta ne, duk ya yi baƙi don aiki, kuma ta ce sabo ba ya sakin ƙullu kamarsa.

Ƙullun garin shinkafa ne da madarar kwakwa da ƙwai da sukari da ɗan gishiri, ya fi na masa ruwa sosai. Tun ɗazu ƙarfen yake cikin mai yana ɗaukar zafi. To, ku duba nan da kyau. Ta tsoma shi a ƙullun amma ba ta bari ya nutse ba, samansa a waje yake. Kun ji wannan "cuuu" ɗin? Ƙullun ne ya kama. Sai ta mayar da shi kasko, ta ɗan girgiza, furen ya saki da kansa yana yawo a mai. Na farko da na gwada na nutsar da ƙarfen duka, ƙullun ya rufe shi ruf, sai da muka kankare da tsinke. Makcik ta riƙe hannuna muka sake tare.

Abin da ya burge ni, 'yan Sin na ƙasar nan suna soya shi a sabuwar shekararsu, Indiyawa ma a bikin Deepavali, suna ce masa achu murukku.

Bari ya huce. Kun ji? Garas! Ba shi da nauyi ko kaɗan, ƙamshin kwakwa ne ke biyo baya. Wallahi ƙamshin man nan ya kai ni tsakar gidanmu, daren da ake yankan cincin ɗin Sallah.

Makcik na kirana, akwai sauran gwangwani huɗu da za mu cika kafin sahur.