Ɗakin da Aka Gyara a Kwana Biyu: Abin da Talabijin Ba Ta Nunawa

Kun san irin shirin nan. A rufe wa mai gida ido, a riƙo hannunsa zuwa bakin ƙofa, a ce ya buɗe. Sai ka ga ya dafe kai, ɗakin da ya bari kaca-kaca ya koma kamar na otal. BBC ta fara irin wannan shiri a Ingila a 1996 da sunan Changing Rooms: maƙwabta su yi musayar makulli, a ba kowane ɓangare mai tsara ɗaki, da kafinta, da fam 500, da kwana biyu. A 2000 tashar TLC ta Amurka ta kawo nata, Trading Spaces, da dala 1,000.

Akwai abin koyo a ciki, amma kwana biyun nan shi ne matsalar, domin fenti bai san gaggawa ba. Fentin ruwa yana son awa biyu zuwa huɗu kafin a maimaita shafi na biyu, kuma ba ya gama ƙarfi sai bayan makonni. Fentin mai, irin na ƙofa da taga, yakan nemi kwana guda cur. Idan aka jingina gado da bango tun bai ƙanƙame ba, ranar da aka ja gadon sai ya taho da fentin. Bango mai danshi kuwa, ko sabuwar filasta da ba ta bushe ba, duk tsadar fentin da ka shafa sai ya kumbura ya ɓare. Kyamara ta tafi tun kafin wannan ya faru.

Ga lissafin da ba sa tsayawa yi maka. Ɗaki mai mita 4 a kan 4, tsayin bango mita 2.7, faɗin bangonsa ya kai murabba'in mita 43. Lita ɗaya tana rufe kamar murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi ɗaya. Shafi biyu ke nan wajen lita 8, kafin ka cire ƙofa da taga. Ka fara shafa ɗan kaɗan a kusurwa, ka duba shi da safe, ka sake dubawa da dare, don launin da ke jikin gwangwani ba shi ne zai fito a bango ba.

Haske ma yaudara ce. Masu ɗauka suna shigo da manyan fitilu, sannan su sa madubin kyamara mai faɗaɗa wuri. A gidanka ƙwan fitila ɗaya ne a tsakiyar silin. Ka duba lambar launin haske da ke jikin kwalinsa, mai ƙarewa da K: 2700 zuwa 3000K haske ne mai ɗan rawaya, mai daɗin ɗakin kwana; 6500K fari ne fat, ya fi dacewa da kicin.

Ɗakin gwauro ciwonsa sananne ne: katifa a ƙasa, ƙatuwar talabijin, tufafi a bayan kujera, wayoyin caji sun harɗe. Maganinsa wurin ajiya ne, ba ƙarin ado ba. A samu sif, da kwandon wanki, da gado mai aljihu a ƙasa. Talabijin kuma a kafa ta daidai idon mai zaune, ba can kusa da silin ba, inda wuya zai sha wahala.

Na ma'aurata ya fi wuyar sha'ani, domin mutum biyu ne kowa da kayansa da abin da ransa ke so. Waɗannan shirye-shirye kan ɓoye wa masu gida komai har ƙarshe, don mamakin shi ne ke jawo masu kallo, shi ya sa aka sha ganin wasu sun fashe da kukan takaici. A Trading Spaces har ciyawa an taɓa manna wa bangon wasu mutane. Ranar jere a gidan amarya ma akan faɗa irin wannan rami: an sayo gado da sif da madubi ba a auna ɗakin ba, ƙarshe ƙofar sif ba ta buɗuwa sosai. A auna tun kafin a je wurin kafinta, a bar aƙalla santimita 60 na wucewa a gefen gado, a auna faɗin ƙofar shigowa ma.

Sai kanta, wato katakon jera kaya a jikin bango. A Changing Rooms an taɓa rataye kantoci, aka jera wa wata mata butocin shayinta masu daraja a kai, suka rufto, duka suka farfashe. Katakon MDF (na garin itace da aka matse da gam) da suke yawan amfani da shi yana da araha da saurin yanka, amma yana lanƙwashewa idan aka ɗora masa nauyi, kuma da ya sha ruwa sai ya kumbura. Idan za a kafa kanta a bangon bulo, a huda da na'ura, a cusa roba, a ɗaure da sukuru. Ƙusa kaɗai ba ta riƙewa. Kantar da ta wuce santimita 60 kuma za ta ɗauki littattafai, a ƙara mata madogari a tsakiya.