Kafin Jackie Robinson, akwai Bud Fowler

Duk 15 ga Afrilu sai hoton Jackie Robinson ya cika intanet, ana cewa shi ne baƙar fata na farko da ya buga besbol (wasan dukan ƙwallo da sanda) na kuɗi a Amurka. Robinson gwarzo ne, ba musu. Amma ƙofar wasa tare da fararen fata da ya buɗe a 1947, da can a buɗe take, rufe ta aka yi.

Ga wanda aka rufe wa ita: Bud Fowler, ɗan mai aski, haifaffen jihar New York a 1858. A 1878 ya fara buga wa ƙungiyar garin Lynn a matsayin mai jefa wa mai sanda ƙwallo. Da hannun ya gaji, sai ya koma tsaron zango na biyu, ɗaya daga cikin wuraren da mai gudu ke takawa kafin ya ci maki.

To, ku kwatanta filin a zuci. Mai tsaron zango na biyu dole ya tsaya daram ya jira ƙwallo, abokin hamayya kuma ya taho a guje, ya zube ƙasa, ya turo ƙafa gaba. Ƙarƙashin takalmin kuwa? Ƙarfe ne mai tsini. Wasu da gangan suke saita ƙwaurin Fowler, har ta kai yana ɗaura katako a ƙafa kafin ya shiga fili. Haba jama'a, wasa ne ko fagen fama?

Nan ne ake yawan kuskure: ba rana ɗaya aka kori baƙaƙen 'yan wasa ba, matsa musu aka yi ta yi. A 1887, a ƙungiyar garin Binghamton, cikin kowane bugu 100 Fowler yana cin 35, kowace ƙungiya za ta so irinsa. Duk da haka 'yan ƙungiyarsa fararen fata suka ce ba sa wasa da shi, ya tattara ya tafi. A 14 ga Yuli na shekarar, masu gasar International League, wadda Binghamton ke ciki, suka amince kada a sake ɗaukar sabon baƙar fata. A ganina ƙwarewarsa ce ta tsone musu ido.

Bai zauna ba. A 1894 shi da wani ɗan wasa, Grant Johnson, suka kafa Page Fence Giants a Michigan, ƙungiyar baƙaƙe zalla mai taragon jirginta na kanta.

Ya rasu a 1913. Sai a 2022 aka sa sunansa a zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown, garin da ya girma.