Darasi: Gyaran Tsohuwar Laftof da Rubutunta Ya Kumbura, Hotonta Ya Yi Hazo

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da sake saduwa. Kwamfutar da ke gabana yau tsohuwar laftof ce ta shekarar 2011, jiya aka sake mata Windows 10, kuma tun da aka kunna ta komai ya kumbura a fuskarta. Ku dubi girman tambarin kwandon shara, ku kuma dubi wannan da'irar da na buɗe domin gwaji, wadda ta koma kamar ƙwai a kwance. Mai ita ya ɗauka gilashin ne ya mutu, har ya fara neman wani, alhali kuwa gilashin lafiyarsa ƙalau.

Kowane gilashin laftof yana da adadin ɗigon da aka ƙera shi da su, ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa. Wannan tana da 1366 a kwance da 768 a tsaye, wato ɗigo miliyan ɗaya da 'yan kai. Waɗanda suka girme ta, irin na wajejen 2007, da yawansu 1280 da 800 ne. To idan Windows ta aiko da hoto mai 1024 da 768, dole gilashin ya ja shi har ya cike faɗinsa, kuma wannan jan shi ne ya mayar da da'ira ƙwai, ya sa gefen haruffa ya yi hazo.

Na danna gefen dama na linzami a fili, na zaɓi Display settings, na gangaro zuwa Display resolution. Masu Windows 7, naku sunansa Screen resolution. Da a ce 1366 da 768 na cikin jerin, da mun zaɓe shi mun tashi, amma kun ga akwatin ya yi toka-toka, bai ma yarda a taɓa shi ba. Kafin mu bar nan ku kalli Scale da ke samansa, domin sau da yawa rezolushan, wato adadin ɗigon hoton, daidai yake, wani ne ya ɗaga Scale zuwa kashi 125, sai rubutu ya yi girma ba tare da ya yi hazo ba. A gilashi irin wannan ni kashi 100 nake bari.

Yanzu sai Device Manager, wurin da Windows ke jera kayan da ke cikin kwamfutar. Ku danna maɓallin Windows tare da X, ga sunan nan a jeri. Na buɗe Display adapters, kuma ga mai laifin: Microsoft Basic Display Adapter. A Windows 7 abin da za ku gani shi ne Standard VGA Graphics Adapter. Ma'anar duka biyun ɗaya ce, wato Windows ba ta gane cif ɗin hoton da ke cikin kwamfutar ba, sai ta ba shi direba (manhajar da ke sa Windows ta iya sarrafa cif ɗin) na wucin gadi, wanda aikinsa kawai kada a bar ku a duhu. Shi ya sa ma hasken fuskar ba ya raguwa idan an danna maɓallinsa, bidiyo kuma yana tafiya yana sarƙewa.

A nan ne nake so ku ba ni hankalinku, domin nan ne na taɓa shan wahala. Kada ku dogara da sunan da aka rubuta a murfin laftof wajen neman direba, saboda samfuri ɗaya yana iya fitowa da cif iri biyu ko uku. Na taɓa kwana a kan wata kwamfuta ina girka direba yana ƙi, ina sake saukewa ina zargin intanet, sai da gari ya waye na gane cif ɗin wani kamfani ne daban da wanda nake ta ɗora mata. Tun daga ranar, cif ɗin nake tambaya sunansa da bakinsa.

Ga yadda ake tambayar. Na danna sau biyu a kan direban wucin gadin, na shiga Details, na zaɓi Hardware Ids. Layin farko kawai muke bukata. Lambobi huɗun da ke bayan VEN su ne kamfanin da ya ƙera cif ɗin: 8086 na Intel ne, 10DE na Nvidia, 1002 kuwa na AMD, har da tsofaffin ATI. Huɗun da ke bayan DEV su ne ainihin samfurin. Tawa ta nuna VEN_8086 da DEV_0116, wato Intel HD Graphics 3000. Ku kwafi layin, ku nema a intanet, sunan zai fito. Ku lura, sifiri ne a cikin 10DE, ba harafin O ba, na ga mutane da dama sun yi tuntuɓe a nan.

Windows 10 ta fito a 2015, kuma Intel ba ta fitar wa wannan cif direban Windows 10 ba, na ƙarshensa na zamanin Windows 7 da 8 ne. Ku fara gwada Windows Update, ku leƙa Optional updates, domin wani lokaci direban yana kwance a can. Idan babu, sai shafin kamfanin laftof ɗin ko na kamfanin cif ɗin, ku sauke na Windows mafi kusa da taku, kuma nau'insa, 32-bit ko 64-bit, ya dace da na Windows ɗinku. Manhajojin nan da ke cewa za su sabunta muku direbobi duka da dannawa ɗaya, ni ba na kusantarsu, galibi talla suke cika kwamfuta da ita.

Na riga na sauke nawa. Idan kun danna Setup ya ce kwamfutar ba ta cika sharuɗɗa ba, kada ku karaya, sau da yawa mai girkawar ne ke gardama da sigar Windows, direban kansa yana aiki. Shi ya sa na fi son fayil ɗin zip. Na warware shi a folda, na koma Device Manager, na zaɓi Update driver, sai Browse my computer, sai Let me pick from a list, sannan Have Disk. Ku lura ban danna Next a shafin farko ba, domin idan kun yi haka Windows za ta ce direban da ya fi dacewa yana nan tuni, ta mayar da ku inda kuka fito. Have Disk ne ke tilasta mata. Na shiga foldar Graphics, na zaɓi fayil mai ƙarewa da inf, ga sunan cif ɗin ya bayyana, yanzu ne zan danna Next.

Fuskar za ta yi baƙi ta dawo, wataƙila sau biyu, ku bar ta. Masu cif biyu, na Intel da na Nvidia, na Intel ake fara girkawa. To, ga ta nan ta dawo. Bari in sake kunna ta, sannan mu duba.

Akwatin ya buɗe, 1366 da 768 ya fito da Recommended a gefensa, da'irar kuma ta koma da'ira.

Wanda nasa direban yake nan amma hoton bai gyaru ba, ya rubuta msconfig a akwatin nema na Windows, ya shiga Boot, ya tabbatar ba a yi wa Base video ko Safe boot alama ba. Ya kuma danna Windows tare da P, domin idan an haɗa laftof da majigi a kan Duplicate, takan sauko zuwa rezolushan da su biyun za su iya ɗauka. Idan kuwa bayan sabuntawa ne matsalar ta fara, Roll Back Driver, mai mayar da tsohon direba, yana cikin shafin Driver a Device Manager.

Saura guda ɗaya, wadda direba ba ya maganinta. Gilashin yana gaya wa kwamfuta girmansa ta wani ɗan bayani da ake kira EDID, ta cikin siririyar wayar da ta bi ta mahaɗar murfi, wadda shekaru na buɗewa da rufewa suke cinyewa. Idan a Device Manager, ƙarƙashin Monitors, kun ga Generic Non-PnP Monitor, alama ce bayanin bai iso ba. Ku jona wata fuska ta waje ta mahaɗar VGA ko HDMI. Idan waccan ta fito tangaran, taku kuma tana walƙiya duk lokacin da kuka motsa murfin a hankali kamar yadda nake yi yanzu, to wayar ce abin zargi, kuma kafin ku kwance ko noti ɗaya ku cire caja, ku cire batir.