Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Halittar Wata Duniya Za Ta Hayayyafa?

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a filin Amsoshin Tambayoyinku daga nan birnin Kano. Wasiƙun wannan makon yawancinsu daga matasan marubuta ne da suka fara kai labaransu sararin samaniya. Tare da ni akwai Dakta, malamin nazarin dabbobi, da Malama, mai koyar da ilimin taurari. Malama, kafin mu buɗe ta farko, wani ya turo saƙon tes yana tambaya ko dai maganar aljanu za mu yi a fakaice.

Malama: A'a, ƙagaggen labari ne a gabanmu. An tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 da ke zagaya wasu taurari ban da ranarmu, amma har yau ba a samu abu mai rai a wajen wannan duniyar tamu ba. Marubuci ne ke ƙaga halittarsa, mu kuma mu duba ko lissafinta ya tashi.

Mai gabatarwa: To madalla. Wata marubuciya daga Gwale ta ce a littafinta akwai duniyar da shekararta ɗaya ta kai huɗu tamu, ruwa kuma kwana 40 kacal yake yi a cikinta. Halittun wurin ta kira su 'yan laka, masu hankali ne, suna magana. Tana so ta san yadda za su haihu, su girma.

Malama: Duniyar tata dai za ta yiwu. Idan hanyar da take bi wajen zagaya tauraronta ba da'ira ba ce cif, ta yi tsawo kamar ƙwai, to tana yin sauri idan ta matso kusa da tauraron, ta yi nawa idan ta yi nisa. Masanin taurari Kepler ya bayyana wannan tun 1609. Ko duniyar Mas, mai shekarar kwana 687, lokacin zafin kudancinta ya fi na arewacinta gajarta da tsanani saboda haka. Ke nan a duniyarta ƙanƙara za ta narke na ɗan lokaci, ruwa ya sauka, sai kuma dogon rani mai sanyi na kwana fiye da 1,400. Ta rubuta shi da sanyi, kada ta kwafo zafin watan Afrilu na Kano ta kai can.

Dakta: Matsalar kowane mai rai a irin wannan wuri ita ce wa zai jira ruwa: ƙwai ko babba? Duka biyun muna da su a Afirka. A kududdufan Mozambik da Zimbabuwe akwai wani ɗan kifi da ke balaga cikin mako biyu da ƙyanƙyashewa, ya zuba ƙwai a laka, ruwa ya ƙafe, iyaye su mutu gaba ɗaya. Ƙwan ne ke kwana a busasshiyar ƙasa har damina ta zagayo. Ɗaya hanyar kuwa ta gaiwa ce, wadda masunta suka sani sarai. Tana nutsewa cikin laka, ta naɗe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama kwanso, ta bar 'yar kafa wajen baki tana shaƙar iska, don tana da huhu. Tsokar jikinta take ci a hankali. Dattin da kifi ke zubarwa a ruwa kuma, wanda zai zame mata guba a cikin kwanso, sai ta juya shi ya koma yuriya, sinadarin da ke cikin fitsarinmu, ta tara, ta zubar idan ruwa ya dawo.

Tun da 'yan laka masu hankali ne, ta haɗa musu hanyoyin biyu. Ga yadda zan raba kwana 40 ɗin. Kwana uku na farko, laka ta jiƙa, manya su farka. Kada ta sa su nufi neman aure nan take, wanda ya shekara huɗu yana cin jikinsa ba shi da abin da zai zuba a ƙwai. Daga kwana na 4 zuwa na 15 ci ne kawai. Daga 16 zuwa 25 a yi barbara. Daga 26 zuwa 35 a binne ƙwai tun laka na da taushi, kwana biyar na ƙarshe kowa ya haƙa makwancinsa. Ƙwan nan ba za su ƙyanƙyashe a wannan damina ba, sai ta gaba, don jariri ya samu kwana 40 cikakku ya tara kitsen kwanciyarsa ta farko.

Mai gabatarwa: Ina abin zai iya ɓaci, Dakta?

Dakta: Wuri uku. Na farko ruwan yaudara. Manomin da ya yi binne ya san shi: yayyafi ya sauka, iri ya tsiro, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. Idan duk ƙwan suka fashe da jiƙar farko, rana ɗaya za a shafe zuriya. Maganinsa, ɓawon ƙwan ya zama sai ya kwana uku cikin ruwa kafin ya buɗe, kuma ko a hakan kashi ɗaya cikin uku ne zai fashe, saura su jira damina ta biyu da ta uku. Irin ciyayin hamada haka suke yi.

Na biyu iska. Ɗan da ke cikin ƙwai yana numfashi ta dubban ƙananan ƙofofi a jikin ɓawo. Idan ka ninka tsawon ƙwai sau biyu, fatarsa ta ƙaru sau huɗu, cikinsa kuwa sau takwas, wato mai buƙatar iska ya fi hanyar shigarta ƙaruwa. Shi ya sa ƙwai mai girman tulu da aka binne kamu uku a ƙasa zai shaƙe. Ƙwan jimina, mafi girma a tsuntsayen yau, yawanci kusan kilo ɗaya da rabi ne. Ta tsaya ƙasa da haka, ta sa iyaye su bar hudar iska a kan kowane rami. Zurfin ramin ma zai iya yi mata aiki a labari. A wurin kada, zafin gurbi ne ke raba jinsi: kusan digiri 32 zuwa 34 maza ke fitowa, ƙasa da haka mata. Uwar da ta zaɓi zurfin rami ta zaɓi abin da za ta haifa ke nan, kuma sarki na iya kafa doka a kai.

Na uku shi ne babba, kuma ina ganin ba ta lura da shi ba. Hankali yana da tsada. Ƙwaƙwalwar mutum kashi 2 cikin 100 ce ta nauyinsa, amma tana cinye kusan kashi 20 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma sai an daɗe ana koya mata. A ce ɗan laka na buƙatar koyon da yaronmu ke yi a shekara 15. Kwana 5,475 ke nan ido biyu. Raba shi da 40, damina 137. Sau huɗu, shekara 548 tamu kafin ya isa a aike shi kasuwa.

Mai gabatarwa: Tabɗijam!

Dakta: Saboda haka zaɓi biyu gare ta. Ko ta amince su masu rayuwar ɗaruruwan shekaru ne, ko ta hana wasunsu barci: su haƙa gari a ƙarƙashin ƙasa, su cika rumbuna a kwana 40, tsofaffi da yara su zauna a farke ana karatu, majiya ƙarfi su kwanta don abinci ya kai. Abin da ba zai yiwu ba shi ne iyaye su mutu kafin 'ya'ya su fito, kuma a ce suna da harshe da tarihi. Dabbar tekun nan mai hannu takwas tana da wayo ƙwarai, amma uwar tana mutuwa daidai lokacin da ƙwanta ke ƙyanƙyashewa, kowane ɗa daga farko yake fara koyon duniya. Ni da ni ne ita, rikicin littafin zan ɗora a kan wa ke kwanciya, wa ke tsaron rumbu.

Mai gabatarwa: Wasiƙa ta biyu daga wani ɗalibi a Ɗorayi. Ya ce nasa halittun jinsi uku ne, sai ukun sun haɗu ake samun ɗa. Abokansa sun yi masa dariya.

Dakta: Kada ya damu da dariyar, amma akwai gyara. Akwai wani naman kaza mai tsiro a jikin ruɓaɓɓen itace da ke da nau'in haɗuwa, wato kamar jinsi, fiye da 23,000, akwai ƙwayar halittar ruwa mai bakwai. Duk da haka biyu-biyu suke haɗuwa. Dalilin lissafi ne. Idan damar ka gamu da abokin haɗuwa a yini ɗaya ce cikin 10, damar gamuwa da biyu mabambanta a yinin nan ɗaya ce cikin 100. Duk wanda ya samu hanyar haihuwa da biyu zai rinjayi masu jiran na uku cikin 'yan zuriyoyi.

Hanyar da za ta fisshe shi: na ukun ya zama mai ɗauka ko mai reno. A wurin wani ɗan kifi da ake kira dokin teku, mace ke zuba ƙwai a jakar cikin namiji, shi ya yi goyon ciki. Ya ƙara mataki ɗaya, jakar ta koma jikin na uku. Sai dai ya amsa wannan: me na ukun zai samu, tun da ba jininsa ba ne? Dole ya zama ɗan'uwan ɗaya daga cikin iyayen. Haka abin yake a amya: ma'aikatan zuma ba sa haihuwa, ƙannensu suke reno, kuma abincin da aka ba tsutsa ne ke raba wadda za ta fito sarauniya a kwana 16 da wadda za ta fito ma'aikaciya a kwana 21. Idan kuwa ya nace sai gado uku, akwai wata tururuwa a kudu maso yammacin Amurka da sarauniyarta sai ta sadu da maza na zuriya biyu: na zuriyarta su ba ta sarauniyoyi, na ɗaya zuriyar su ba ta ma'aikata. Kowane ɗa iyaye biyu gare shi, amma gidan ba ya tsayawa sai da uku.

Mai gabatarwa: Gajeruwa daga Fagge: tasa halittar tana zuba ƙwai 2,000 kowace shekara, tana rayuwa shekara 10. Ya yi yawa?

Dakta: Bai yi yawa ba, in ya tanadi mai cinye su. Ƙwai 20,000 ke nan a rayuwar mace ɗaya, kuma muddin yawan jama'arsu ba ƙaruwa yake ba, biyu ne kawai za su kai ga haihuwa. Ya faɗa mana abin da ya kashe 19,998. Kuma wanda ke rasa 'ya'ya haka ba zai raɗa wa ƙwai suna ba, sai wanda ya tsallake. Mai son uwa ta yi kukan ɗa guda, ya bi tsarin giwa: ciki wata 22, ɗa ɗaya.

Mai gabatarwa: Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah a Kurna, tambaya biyu ta haɗa. Halittar da ke zuba ƙwai a jikin mutum, da kuma auren mutum da baƙuwar halitta har a samu ɗa, kamar yadda ake gani a fina-finai.

Dakta: Ta farkon tana cikin ɗakinta. Zanzaro na gina ɗakin laka a bango, ya harbi tsutsa ko gizo-gizo ya shanye musu jiki ba tare da ya kashe su ba, ya cusa su ciki, ya sa ƙwai, ya toshe. Da ya kashe su da sun ruɓe kafin ɗansa ya ci. Ƙa'ida ta farko ke nan, mai masauki ya daɗe da rai. Ta biyu, abin da ya fito ba zai fi abin da ya ci nauyi ba, don haka dodon da ya fito kamar ɓera da safe ya kai girman sa da yamma ba tare da ya ci komai ba, ƙarya ta yi yawa. Ta uku, irin wannan zama sai an daɗe tare. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro tana yin kusan mako guda a hanta, ta shiga jini tana fasa jajayen ƙwayoyi duk awa 48, amma haɗuwar namijinta da macenta a cikin sauro take faruwa. Kowane mataki ya dace da jikin da aka saba da shi. Halittar da ba ta taɓa ganin mutum ba, ƙwanta mutuwa zai yi a jikinsa, ko ya kashe shi a banza.

Maganar ɗa kuwa, ta cire ta. Gadon halitta yana ƙunshe cikin dammai da ake kira kuromozom. Doki na da 64, jaki 62, 'yan'uwan juna ne na kusa, amma alfadarin da suke haifa 63 gare shi, ba sa rabuwa biyu daidai, shi ya sa ba ya haihuwa sai a wani yanayi da ba kasafai ba. Mutum 46 gare shi. Duk mai rai a nan, daga gero zuwa mutum, da haruffan gado huɗu iri ɗaya aka rubuta shi, kuma tubalan gina jiki 20 iri ɗaya yake amfani da su.

Malama: Wanda ya tashi a ƙarƙashin wani tauraro kuwa babu abin da ya wajabta masa waɗannan haruffan. Ta wannan fuskar gero ya fi kusa da mutum. Idan tana son ɗa tsakanin jaruman nata, ta ba su ɗan riƙo, ko ta sa asalinsu ɗaya ne, mutane ne da suka yi ƙaura can tun da daɗewa. Ko a nan sai ta kula da nisa: tauraro mafi kusa da ranarmu, haske ma sai ya yi shekara huɗu da 'yan watanni kafin ya isa.

Mai gabatarwa: Lokaci ya cim mana. Mai tambaya daga Hotoro kan halittar da ke rayuwa a tafkunan Titan, wani wata mai zagaya duniyar Saturn, inda sanyi ya kai digiri 179 ƙasa da sifili, wasiƙarka ce ta farko a mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Dakta, Malama, mun gode. Masu sauraro, a huta lafiya.