Titin Gaɓar Teku Daga Legas Zuwa Kalaba: Me Ya Sa Jama'a Suka Ƙi Yarda?

Assalamu alaikum warahmatullah. Shugaban taro, iyayenmu, malamai, ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Na baya, kuna jina? To, madalla.

Titin da za mu yi magana a kansa zai tashi daga Victoria Island a Legas, ya bi gaɓar teku ta Ogun, Ondo, Delta, Bayelsa, Ribas da Akwa Ibom, ya ƙare a Kalaba. Tsawonsa kusan kilomita 700. An soma aiki a watan Maris na 2024, a hannun kamfanin Hitech na iyalan Chagoury, kuma ministan ayyuka David Umahi ya ce za a yi shi da kankare, ba kwalta ba.

Ba ɗan Najeriyar da ke gaba da titi, mu da muka san azabar ramuka. Amma kafin katafila ta yi wata biyu a wurin, ƙasa ta ɗauki zafi. A ƙarshen Afrilu aka yi rusau a wurin shaƙatawar Landmark da ke bakin teku, ma'aikata suka fito da kwalaye suna kukan abincinsu. Mutanen Okun-Ajah, wata unguwa a gaɓar tekun Legas, suka ce an karkatar da layin titin daga inda aka shata shi tun da, an kawo shi kan gidajensu. Daga baya ministan ya sanar da gyara layin a wannan yanki, yana kafa hujja da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku. Talaka kuwa abin da ya ji shi ne, ashe layin yana matsuwa, sai dai ba don kukansa ba.

Ga kuma kuɗi, a nan nake so ku ɗauki biro. Atiku Abubakar ya ce kowace kilomita za ta ci naira biliyan 8. Minista ya ce biliyan 4 ne. Amma kashin farko, kilomita 47 da 'yan kai, an ba da shi kan naira tiriliyan 1.06. Ku raba. Za ku samu sama da biliyan 22 a kilomita guda. Ma'aikatar tana da bayaninta, cewa titin mai layuka da yawa ne kuma ana cike fadama da yashi. Mai yiwuwa haka ne. To amma kwangilar ba a tallata ta kamfanoni suka yi takara ba, kuma kowa ya san amincin da ke tsakanin Gilbert Chagoury da Shugaba Tinubu. In babu farashin wani kamfani da za a gwada, da me za ka auna gaskiyar minista? Sai dai ka ɗauki maganarsa kawai.

Ɗaukar maganar ce ta gagara, domin wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Mutanen Neja Delta suna da titin East-West, wanda aka ba da kwangilarsa a 2006 zamanin Obasanjo, yaran da aka haifa a shekarar har sun kai shekarun yin ƙuri'a ba a gama shi ba. Mu nan, titin Abuja zuwa Kaduna, Zariya da Kano an ba Julius Berger a ƙarshen 2017, aka yi ta jan ƙafa har gwamnati ta soke kwangilar sashen Abuja zuwa Kaduna a 2024. Duk wanda ya zo zauren nan ta wannan hanya ba sai na yi masa bayani ba. Abin da Peter Obi ya tsaya a kai ke nan: a gama tsofaffin tukuna.

Ni ban ce titin ba shi da amfani ba. Tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar Dangote suna buƙatar mafita, wannan gaskiya ne. A ƙarshen Mayun 2025 shugaban ƙasa ya buɗe kilomita 30 na farko. A lokacin saura kusan 670, kuma mafi wuyar tana gaba, cikin fadamun Bayelsa da Ribas.

Na ga hannu can gefen mata. Hajiya, bismillah, a miƙa mata lasifika.