Alƙahira daga la'asar zuwa barci

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai, iyayenmu, da ku ƙannena masu shirin tafiya Masar, barkanmu da warhaka.

Batun karatu malamanku sun gama da shi, ba zan maimaita ba. Ni rabona shi ne lokacin da ke tsakanin la'asar da barci, domin a cikinsa ne wani yake sanin Alƙahira, wani kuma ya shekara shida a cikinta bai san ta ba.

Yawancinmu a Madinatul Bu'us ake sauke mu, masaukin baƙin ɗaliban Azhar da ke Abbasiyya, wasu kuma su kama haya a unguwar Hayyul Ashir. Shekarata ta farko, da na dawo daga aji sai ɗakin 'yan gida. A tuƙa tuwo, a kaɗa kukar da aka ƙullo mana, a yi ta hirar Kano har dare ya raba. Daɗi kam akwai, ba na kushe shi. To amma ranar da na je sayen tumatir, mai kayan miya ya ce "ayiz eh?", wato me kake so, ni kuwa na zuba masa Larabcin nahawu har da wasullan ƙarshen kalma. Mutumin ya saurara tsaf, da na kai aya ya ce "sadaƙallahul azim". (Dariya.) Ku yi dariyarku, ni ranar ƙasa ce kawai ba ta tsage na shige ba.

Ƙwallo ce ta fitar da ni daga ɗaki. Kusan kowane lungu akwai abin da suke kira ahwa, shagon shayi ne da kujeru a bakin titi, ga talabijin, ga dattawa suna buga domino kamar za su fasa tebur. Garin kuma rabe yake gida biyu tsakanin ƙungiyoyin ƙwallo: Al Ahly, wadda aka kafa a 1907, da Zamalek ta 1911. Kafin a tambayi sunanka za a tambaye ka, Ahlawi ne kai ko Zamalkawi? Da na ce daga Najeriya nake, wani tsoho ya buga cinya ya ce "Amuneke!", don Emmanuel Amuneke a Zamalek ya yi wasa kafin ya wuce Turai. Shi ke nan aka yanke mini ƙungiya ba tare da shawarata ba, aka kuma hana ni biyan kuɗin shayi. A kan wannan kujerar na koyi Larabcin kasuwa, na ciniki da na barkwanci, har da wanda ba zan faɗa a gaban iyaye ba. Shisha dai ku bar musu kayansu.

Wanda ƙwallo ba ta dame shi ba, ya hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ya sauka a tashar Ataba, ya shiga Surul Azbakiyya, kasuwar tsofaffin littattafai. Kada ku biya farashin farko. A ƙarshen Janairu kuma akwai babban baje kolin littattafai da ake yi tun 1969. Ku fara tara kuɗinsa tun damina tana sauka a nan gida. 'Yan'uwa mata, jirgin yana da taragon da aka keɓe muku.

Sai azumi. Za ku ga dogayen tebura a kan titi, ma'idatur Rahman, kowa ya zo wucewa a jawo shi ya sha ruwa. Na daɗe ina kewaye su, wai kunya, kada a ce almajiri ne. Ranar da na zauna, direban tasi ne a damana, ɗalibin Indunusiya a haguna, muna miƙa wa juna dabino. Wannan direban ne daga baya ya nuna mini inda ake koshari na kirki, shinkafa da taliya da adas, wato wani ƙaramin wake, da soyayyar albasa a kwano ɗaya, da kuɗin da bai kai na mota ba.

Na ga ladan ya miƙe. Mai tambaya kan kuɗin haya ya riƙe ta, in an idar da magariba sai mu ɗora.