Amsoshin Tambayoyinku: Jan jirgin karkara da Jamusawa ke bege har yau

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a cikin shirin Amsoshin Tambayoyinku. Wasiƙu uku ne a gabanmu yau, kuma dukansu a kan abu ɗaya suke magana, wato wani ƙaramin jirgin ƙasa ja da ya yi tashe a karkarar Jamus.

Ta farko ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Maraɗi, wanda ya ce ya ga bidiyo a Facebook, dattawan Jamusawa sun yi layi suna biyan kuɗi domin su hau wani tsohon jirgi mai tarago ɗaya ko biyu, mai ƙara da warin man dizal, alhali ƙasarsu tana da jiragen da ke gudun kilomita 300 a awa guda. Yana so ya san wane irin jirgi ne wannan, kuma me ya sa ake begensa haka.

To malam, jirgin da ka gani shi ne wanda Jamusawa ke kira Schienenbus, wato bas mai tafiya a kan layin dogo. Wani kamfanin ƙera taragai da ke Uerdingen, a gefen kogin Rhine, shi ne ya fito da samfurinsa na gwaji a shekarar 1950, lokacin da Jamus ta Yamma ke farfaɗowa daga ɓarnar yaƙin duniya na biyu. Matsalar da ta addabi hukumar jiragen ƙasa ta Deutsche Bundesbahn a wancan lokaci ita ce ta ƙananan layukan da ke shiga ƙauyuka. Jiragen da ke bin su masu amfani da kwal ne, kuma kowane kan jirgi sai da direba da mai zuba kwal, sai an hura masa wuta sa'o'i kafin ya tashi, sai an shayar da shi ruwa, an kwashe toka, duk domin ya ja tsirarun fasinjoji. Kuɗin tikiti ba ya mayar da ko kusa da abin da ake kashewa, ga kuma motocin safa sun fara kwashe mutane ta kan titi.

Dabarar da aka yi ita ce a ɗauko fasahar mota a ɗora a kan dogo. Aka ƙera tarago marar nauyi mai ƙafafun ƙarfe huɗu kacal, tsawonsa kimanin mita 13, aka rataya masa injin dizal na kamfanin Büssing a ƙarƙashin daɓe, irin wanda ake sa wa manyan motoci, tare da giya shida da ƙofofi masu naɗewa. Direba yana tayar da shi nan take, ya kuma kashe shi idan ya isa. Samfurin farko da aka ƙera da yawa, VT 95, ya fara fita a 1952, an kuma yi guda 557. Amma injinsa ɗaya ne, saboda haka yakan sha wuya a hawan tudu idan yana jan tarago, sannan idan ya kai tashar ƙarshe dole ne a kwance shi ya zagaya ya koma gaban taragon kafin a juyo. Wannan ne ya sa daga 1955 aka fito da VT 98 mai inji biyu, kowanne da ƙarfin doki 150, wanda ake iya tuƙa shi daga taragon da ke ɗaya ƙarshen, yana kuma iya jan taragon kaya. An ƙera 329 na wannan. Gudunsu duka bai wuce kilomita 90 a awa ba, kuma a yawancin layukan karkara ba sa ma samun damar kaiwa hakan.

Game da begen da ake yi masa kuwa, duk wanda ya ce don daɗin zama ne bai faɗi gaskiya ba. Jirgi ne mai jijjiga, kowace mahaɗar ƙarfen dogo sai fasinja ya ji ta a ƙugunsa, kuma rurin injinsa ya sa aka yi masa laƙabi da ja mai gurnani. Abin da ya kama zukatan mutane shi ne yadda aka tsara cikinsa. Babu bango tsakanin direba da fasinjoji, kuma tagogi ne kewaye da taragon, har gaba da baya. Yaron da ya yi sammako ya samu kujerar gaba yana ganin dogo na miƙewa a gabansa kamar yadda direba ke gani, yana kallon hannun direban a kan giya da birki, abin da jiragen zamani suka rufe wa fasinja. Majinginar kujerun kuma ana tura ta gaba ko baya, ta yadda mutum zai fuskanci inda aka dosa, ko kuma iyali su juya ta su zauna suna kallon juna.

Sai kuma matsayinsa a rayuwar ƙauye. Shi ne ke kai yara makarantar gari da safe, ya kai ma'aikata masana'anta, ya dawo da mata daga cefane, kuma da yake fuskokin kusan ɗaya ne kullum, ya zama tamkar motar kasuwa a ƙauye, wadda direbanta ya san wanda ya makara da wanda bai fito ba. Yaran da suka yi wannan zirga-zirga a shekarun 1950 da 1960 su ne dattawan da ka gani a layi. Jamusawa suna kiransa mai ceton ƙananan layuka, kuma a ganinmu ya cancanci sunan, ko da yake ceton na wani lokaci ne. Arhar gudanar da shi ta ƙara wa layuka da dama shekaru, amma da motocin gida suka yawaita an rufe da yawa daga cikinsu duk da haka, kuma sau da yawa wannan jan jirgi ne ya yi tafiyar ban kwana. Saboda haka mai begensa yakan haɗa har da tashar garinsu da ta zama kango.

Wasiƙa ta biyu daga wata baiwar Allah ce a Kumasi, tana tambaya ko jirgi marar nauyi irin wannan ba shi da haɗari.

Malama, tambayarki ta taɓo wurin da ke yi wa masoyan jirgin ciwo. A daren 27 ga watan Mayu na 1971, wani VT 95 yana ɗauke da ɗaliban wata makaranta ta garin Radevormwald da ke dawowa daga ziyarar da suka kai Bremen. Layin ɗaya ne, kuma wani jirgin kaya da ya kamata ya dakata a tashar Dahlerau har ɗaliban su wuce sai ya ci gaba da tafiya. Jami'in tashar ya ga abin da ke shirin faruwa, amma ba shi da wata hanya ta magana da direbobin, domin babu rediyo a cikin jiragen. Suka yi taho-mu-gama, kan jirgin kayan, wanda ya fi jirgin ɗaliban nauyi nesa ba kusa ba, ya murƙushe taragonsa na gaba. Mutum 46 ne suka rasu, 41 daga cikinsu ɗalibai. Ba ƙirar jirgin ce ta haddasa karon ba, amma rashin nauyin da ya sa yake da arha shi ne ya sa bai iya kare waɗanda ke cikinsa ba. Bayan wannan musiba ne hukumar ta gaggauta sa rediyon sadarwa a jiragenta.

Ta uku gajeriya ce, daga wani ɗalibi a Zariya: shin a Jamus kaɗai aka yi amfani da shi, kuma yana nan har yanzu?

A'a, ya ƙetare iyaka. Luxembourg da Ostiriya sun yi aiki da shi, an kuma ƙera shi bisa lasisi a Sifaniya da tsohuwar Yugoslaviya. A Jamus, an ajiye masu inji ɗaya tun farkon shekarun 1980, masu inji biyu kuma suka ci gaba suna raguwa yayin da sabon samfuri mai lamba 628 ke karɓe layukansu, har kamfanin jiragen ƙasa na Deutsche Bahn, wanda ya gaji waccan hukumar, ya sallami na ƙarshe daga aikin yau da kullum a yankin Tübingen a shekarar 2000. Waɗanda suka tsira daga masu yankan ƙarfe suna hannun gidajen tarihi da ƙananan kamfanoni da ƙungiyoyin sa kai, waɗanda mambobinsu ke gyaran inji da fenti a ranakun hutunsu. Idan Allah ya kai ka can kana son hawa, akwai layin kwarin Kasbach, mai tsawon kimanin kilomita 9 daga garin Linz da ke bakin Rhine zuwa Kalenborn. Yana daga cikin layukan da suka fi tsananin hawa a ƙasar, kuma VT 98 ne ke ɗaukar masu yawon buɗe ido a kansa a ƙarshen mako, daga lokacin da sanyi ya ja da baya.